Ruwan Jegon Mardiyya

Tun kafin a sauko da Mardiyya daga mota, an riga an jibge itacen wankanta a ƙofar gidansu a Zugu. Mijinta Abdulwahabu, malamin firamare a Gummi, shi ya sa aka kawo, kamar yadda ake yi wa duk wadda ta zo wankan gida. Ta tsaya ta dubi tulin itacen, ta ce a ranta, wannan duk a jikina zai ƙare. Sannan ta shige ciki. Jaririn yana hannun Inna Hure, mahaifiyarta, ita kuma tana rungume da wata 'yar tukunyar ƙasa da ba ta yarda kowa ya riƙe mata ba.

Jiƙaƙƙen yashi ne a cikin tukunyar, a cikin yashin kuma kwalbar allurarta, 'yar ƙarama, ba ta wuce babban yatsa ba. Ciwon sukari gare ta, amma ba irin na tsofaffi da ake shan ƙwaya ba. Nata irin wanda jiki ke daina yin insulin ne ɗungurungum, sai dai a riƙa zuba masa daga waje, safe da yamma, har ranar da mutum zai koma ga Mahaliccinsa. Ciki biyu suka zube kafin a gano. Da aka gano, ba ta yi kuka a gaban likita ba. Ta gama sakandare, tana iya karanta takardar da ke cikin kwalin maganin, ta kuwa karanta ta har ta kusa haddacewa. Ta koyi mulmula kwalbar a tafin hannu har farin ruwan ya haɗe kamar madara, ta koyi tattaro fatar cinyarta ta soka. Ta san maganin ba ya son zafi. Ta san kuma in an yi allurar dole abinci ya biyo baya ba da jimawa ba, don aikinsa shi ne ya kwashi sukari daga jini ya kai cikin tsoka. In bai tarar da na abinci ba, sai ya kwashe ɗan wanda ƙwaƙwalwa ke rayuwa da shi.

Da haka ta riƙe ciki na uku har ya isa haihuwa. A asibitin birni ta sauka, namiji. Likita ya rage mata yawan allurar, ya ce mai shayarwa ba ta bukatar kamar na da, ya kuma ja mata kunne kada ta saɓa lokaci. Bai tambaye ta inda za ta daga nan ba. Ita ma ba ta ga abin faɗa ba.

Wankan a hannun Gwaggo Maiturare yake, yayar babanta, ungozomar da ta yanke cibiyar rabin unguwar, har da ta Mardiyyar. Dokarta guda ce, ba ta taɓa sassauta wa kowa ba: maijego ba ta sa komai a ciki sai ta fito wanka, don ruwan ya sami ciki a sake ya kore jinin da ya kwanta. Da asuba Inna ke hura wuta ƙarƙashin rabin duro, a zuba ganyen dogonyaro da na tsamiya. Bayan la'asar a sake. Waɗannan kuwa su ne daidai lokutan allura.

Ranar farko Mardiyya ta yi allurarta bayan kiran salla, ta fito da zane ɗaure a ƙirji. Bazara ce, ko da asubar iska ba ta motsi. Ruwan yana tafarfasa, tururi ya rufe bayan ɗakin.

"'Yar boko, tuɓe," in ji Gwaggo. "Mi kike ruhewa? Ni na riga uwarki ganinki."

Ta tsoma dunƙulen rassa a duron, ta fyaɗa mata a baya. Mardiyya ta ciji leɓe. Ta yi wa kanta alkawari ba za a ji muryarta ba, don tun a mota ta ji Inna tana cewa 'yan makaranta ba su da juriya. Gwaggo ta bi kafaɗu, ta bi ciki, ta zo cinya, ta tsaya tana duban tabon allurai.

"Wagga cinya kamar kaza ta yi kiwo bisanta."

Ta fi daɗewa a nan, tana dannawa da ganyen, wai don ta warkar da wurin.

Ba a kai ga gamawa ba Mardiyya ta ji abin da ta sani. Wata zufa daban da ta wanka, mai sanyi, ta tsattsafo mata a goshi. Hannuwanta suka kama rawa, zuciya na bugawa, ciki kamar an rarake shi. Ta lallaɓa ta koma ɗaki, ta kwance bakin ɗankwalinta inda take ƙulle 'yan ƙwayoyin sukari, ta tsotsa. Kafin a kawo kunun kanwa ta dawo daidai. Ta ɗauka jinkirin kunun ne kawai.

Washegari rawar ta zo da wuri, tana tsugune gaban duro. Gwaggo ta gani.

"Kin gani, Hure? Sanyi ya riga mu shiga. Can asibiti sunka kwantar da ita ƙarƙashin fanka. Ƙara wuta."

"Gwaggo, ba sanyi ba ne. Sukarina ne ya sauka."

"Ba shi muke so ba? Ya sauka mana, ya tahi can."

Inna ta yi dariya, ta tura itace. Daga ranar ruwan ya ƙara zafi, wankan ya ƙara tsawo. Duk sadda Mardiyya ta yi rawar jiki sai a ƙara, duk sadda aka ƙara sai rawar ta fi ta jiya. Bayan wanka kuma a kwantar da ita kan gadon ƙasa da aka zuba wa garwashi ta ramin ƙarƙashinsa.

Ranar suna aka raɗa wa yaron Sa'idu. Abdulwahabu ya zo, ya wuni a zaure da maza, da yamma aka bar shi ya leƙo daga bakin ƙofa. Ya tambaye ta jiki, ya tambaye ta ko maganin zai kai. Ta ce lafiya lau, zai kai. Tun da ciki shi ya so ta zauna Gummi kusa da asibiti, ita ta ce ba za a ce boko ya raba ta da gidan ubanta ba, za ta iya duka biyun. Ba ta ga ta inda za ta janye maganar a gaban mata cike da ɗaki ba. Ya koma bakin aikinsa.

Bayan suna ne Inna ta ɗauki ɗankwalin za ta wanke, ta ji ƙulli. Ta kwance, ta tsaya da ƙwayoyin a tafin hannu.

"Mardiyya. Abin da ke kashe ki shi kike ɓoyewa kina sha?"

"Magani ne, Inna. In allura ta yi mini yawa shi ke tashe ni."

"Likitan da bakinshi ya ce min kada a ba ki zaƙi. Ina tsaye."

"Ya ce kada a ba ni haka kawai. Bai ce..."

"To haka kawai ne. Ke ba yarinya ba, kina da ɗa, ki zan satar sukari kamar ɓera."

Ta juye su a kwatami, ta bincike ɗakin, ta tafi da sauran kwalin sukarin.

Da asubar da ta biyo Mardiyya ta daɗe riƙe da sirinji. Ta yi tunanin ta jinkirta. Amma likita ya ce kada ta saɓa lokaci, ita kuwa tun da ta fara ba ta taɓa saɓawa ba, kuma da wannan tsarin ne ta fitar da ɗa mai rai. Ta soka.

Wankan ranar ya fi na kullum. Da aka gama ba ta ganin fuskar Gwaggo sosai. Yaron yana ta tsala kuka, kunu bai nuna ba, Inna ta miƙo mata shi ta ce ta ba shi ya sha kafin nan. Ta zauna bakin gadon ƙasa, ta sa shi a nono. Ta so ta ce a karɓe shi, harshenta ya ƙi juyawa. Iyakar abin da ta sani ke nan.

Ta farfaɗo rana ta ɗaga, bakinta cike da ɗanɗanon zuma. Babanta Malam Barau yana zaune gefenta yana tofa mata addu'a. Shi ya shafa mata zuma da habbatussauda a dasashi don ya ɗauka iska ce ta buge ta, Inna tana hanawa saboda zaƙin, ya ce zuma ba ta cikin abin da ke cutarwa. Mardiyya ta san zumar ce ta dawo da ita. Ta laluba gefenta, babu yaron.

Da ta sulale, Sa'idu ya zame daga cinyarta, hannunsa ya taɓa bakin ramin garwashi. Ƙunar ba ta yi zurfi ba, amma ta bi daga wuyan hannu zuwa gwiwar hannu. Yana ɗakin Inna, an shafa masa man shanu.

A kwancen nan ta gane. A Gummi in ta yi allura, maganin kan kwanta ƙarƙashin fata ya riƙa tsiyaya cikin jini a hankali, kamar ruwa daga sabuwar randa. A nan kuwa ana gasa wurin da tafasasshen ruwa har fata ta yi jajir, jijiyoyi su buɗe, jini ya kwashe shi gaba ɗaya, ciki kuma babu komai. Takardar cikin kwali ba ta san da wankan jego ba. Gwaggo ba ta san da insulin ba. Ita kaɗai ta san duka biyun, kuma sai da ɗanta ya ƙone ta haɗa su.

Da azahar Gwaggo ta shigo da hukunci.

"Allurar ga ita ke kada ki. Kuma duk abin da uwa ta sa jiki nono yake bi. Abin da ya kada babba, mi zai yi wa jinjiri? Ba za ki ƙara ba shi ba sai kin bar ta."

"Gwaggo, ko ya shiga nono, cikinsa zai narkar da shi kamar nama. Shi ya sa ba a shan sa. Da ana sha, ina dalilin da zan riƙa huda jikina safe da yamma?"

"Ke kinka sani. Ni dai ko allura ko yaro."

"In na bari mutuwa zan yi."

"Uwarki ta haihu tara ba allura, ga ta nan tana tuƙa tuwo."

Mardiyya ta sauya tsari. Ta daina allura kafin wanka. Sai ta fito, ta ƙi hawa gadon, ta zauna bakin ƙofa har jikinta ya huce, kunu yana gabanta, sannan ta soka. Rawar jikin ta ɗauke kamar an yi ruwa an ɗauke. Ta nuna wa Gwaggo. Gwaggo ta ce alhamdu lillahi, ai zafin ruwan ne ya fara cin sanyin. Yaron dai ba a dawo da shi ba.

Babu mai shayarwa a gidan. Hawwa'u, wata Bafillatana da rugarsu ke bayan gari, ita ke kawo madara kowace safiya, Inna ta sirka da ruwan rijiya ta riƙa ɗura masa da cokali. Ɗakin Inna bango ɗaya ne da nata. Mardiyya tana jin kukansa, nononta ya cika ya yi tauri har hammata, sai ta zaga bayan ɗaki ta tatse a ƙasa. Tana yi kullum don kada ya ƙafe. Kaji suka gane wurin, suna jiran ta.

Ba a jima ba gudawa ta kama shi. Ta gane ne daga yawan tsummokaran da Inna ke shanyawa. Ta tsaya ƙofar ɗakin ta ce a ba ta ɗanta. Matan da suka zo barka suka dubi juna. Ɗan fari ne, uwa ko sunansa ba ta kamawa, balle ta tsaya gaban manya tana cewa ɗana.

"Boko dai bai bar kunya ba," in ji wata.

"Kunyar ta ba shi nono in gani," in ji Mardiyya.

Ta tari babanta zai fita masallaci. Ya saurare ta har ƙarshe, kansa a sunkuye, ya ce wannan sha'anin mata ne, yayarsa kuma ba ta taɓa kashe ɗan kowa ba. Ta roƙi ƙanenta Lauwali, mai kabu-kabu tsakanin Zugu da Bukkuyum, ya aika wa mijinta. Ya ce ya ba wani direba saƙon. Ko saƙon ya kwana a hanya, ko Inna ce ta hana shi don kada surukai su ji, ba ta taɓa sani ba. Babu wanda ya zo.

Kukan da take ji ta bayan bango ya fara canzawa. Da yana tsalawa, yanzu sai ka ce ɗan mage. Wata safiya ma ba ta ji shi ba sam. Ta ɗaga labulen Inna ba sallama. Yana kwance a tabarma, idanu sun zurma, maɗigarsa ta faɗa kamar an danna da yatsa. Ta tsinki fatar cikinsa a hankali ta saki, fatar ta tsaya a tattare.

Ta koma ɗakinta, ta tono kwalbar daga yashi, ta share ta da bakin zane. Ta san abin da take yi. Ta karanta, an kuma gaya mata: in babu insulin sukari zai taru a jini ba hanyar shiga tsoka, jiki ya koma cin kitsen kansa, jinin ya yi tsami. Ba wata ake ɗauka ba, kwanaki ne. Ta yi lissafin cewa shi ba shi da kwanakin, ita tana da su. In ya farfaɗo, sai ta san yadda za ta karɓi abinta.

Ta ajiye kwalbar da sirinjin gaban Gwaggo.

"Ga ta. A ba ni shi."

"Yanzu kinka yi hankali." Gwaggo ta tura wa Inna da ƙafa. "Hure, masai."

Da farko bai iya kamawa ba. Ta tatsa masa a baki, ɗigo-ɗigo, yana haɗiya da ƙyar. Can da hantsi ya kama. Ta ji jansa har cikin bayanta. Ba ta sauke shi ba sai don wanka, wankan ma a tsaye take jin ko ya motsa. Gudawar ta ragu, ta tsaya. Maɗigar ta fara tasowa. Ranar da ya tsala kuka irin na da, Gwaggo ta ce ai ga shi, nono ya tsarkaka.

Ita kuwa ƙishirwa ce ta fara zuwa, irin wadda randa ba ta kashewa. Tana sha tana zagawa, cinnaku suna yin layi a inda ta tsuguna. Ta riƙa rage kunu tana turawa gefe, Gwaggo ta zauna kanta sai ta shanye, don maijego ba ta wasa da kanwa. Zoben hannunta ya fara zamewa. Idonta ya riƙa ganin hazo. Duk da haka safe da yamma tana fita gaban duro da ƙafarta, ba ta bari a kama ta ba.

Sai amai. Ciki ya murɗe kamar naƙuda ta dawo. Numfashinta ya koma dogo mai zurfi, kamar wadda ta yi gudu, bakinta yana wani wari kamar ruɓaɓɓen mangwaro. Gwaggo ta ce dattin ciki ne ke fita, ta tafi gidan wata haihuwar, ta ce za ta dawo wankan la'asar.

Inna ta shigo da ruwa. Ta tsaya tana kallon ɗiyarta jingine da bango, yaro a nono, ƙirji yana hawa yana sauka.

"Inna," in ji Mardiyya. "In na tafi, madarar Hawwa'u za ki koma ba shi?"

Inna ta ajiye kwanon. Ta leƙa tsakar gida, ta dawo.

"Ban jefa ba."

"Me?"

"Kwalbar. Na kai bakin masai na kasa. Na ce abin da ɗiyata ta rungumo tun daga birni. Na ɓoye miki inda ba mai gani."

Ta fita da sauri, ta nufi madafa. Mardiyya ta ji ana jan turmi, an taka. Inna ta dawo da ƙullin tsumma baƙi ƙirin da hayaƙi. Tsakanin kan bango da kwanon rufi ta cusa shi, daidai saman murhu, inda rana ke dukan kwano daga sama wuta na dukansa daga ƙasa.

Kwalbar da zafinta kamar dafaffen ƙwai. Mardiyya ta ɗaga ta wajen hasken ƙofa. Farin ruwan ya tsinke ya yi gudaji-gudaji, wani ya manne a jikin gilashin. Ta mulmula a tafin hannu. Ta sake mulmulawa. Bai haɗe ba.

"Yana nan yadda kinka ba da shi," in ji Inna. "Ko ɗigo ban taɓa ba."

"Kin dafa shi, Inna."

Inna ta zauna a ƙasa daɓas. Mardiyya ta zuƙi abin da ya zuƙu ta soka, don babu wani. Suka jira. Azahar ta yi, ta wuce. Aman ya dawo, numfashin bai sauka ba.

"Kira min Lauwali."

Ta ɗaura zane, ta dafa bango ta fito. A zaure suka yi kiciɓis da Gwaggo ta dawo.

"Ina za ki? Maijego ba ta taka ƙofar gida sai ta yi arba'in. Iskar hanya ta shige ki, ba ni ba gyaranki."

"Matsa, Gwaggo."

"Ni kike ce wa matsa? Barau, kana ji?"

Malam Barau yana zaune kan buzu a gefen zauren. Ya dubi yayarsa, ya dubi ɗiyarsa. Ya janye ƙafafunsa daga hanya.

Mardiyya ta raɓa ta wuce. Ta kai bakin babur ɗin Lauwali ƙafafunta suka ƙi. Sai ta ji hannu a ƙugunta. Inna ce, da yaron goye a baya, mayafi a karkace. Ta ɗora ta, ta hau bayanta ta riƙe ta da hannu biyu. Gwaggo tana kiran sunan Inna, Inna ba ta waiwaya ba.

Ranar kasuwar Bukkuyum ce, suka sami bas mai komawa birni. Mardiyya ta tuna buhunan wake a ƙarƙashin ƙafarta, da wata mata tana cewa a buɗe taga, maijegon nan wari take. Bayan nan ba ta tuna komai.

Ta buɗe ido ta ga robar ƙarin ruwa rataye, hannuwanta biyu duk allurai. Kwanaki sun wuce. Abdulwahabu yana tsaye daga ƙafar gado, idanunsa jajir. Da likita ya zo zagaye, wani ne daban, matashi, ya duba ta ya girgiza kai.

"An ce kin yi makaranta. Ke da kika san ciwonki, ki ajiye magani ki koma na gargajiya? Irinku ku ke ba mu wahala. Saura kaɗan da yanzu an yi bakwai ɗinki."

Inna tana zaune kan tabarma gefen gado, kanta a ƙasa. Mardiyya ta dube ta, ta dubi likitan.

"Ba zan sake ba," ta ce.

Bayan ya wuce ta nemi yaron. Inna ta kwance shi daga baya. Duk kwanakin nan ita ke ɗora shi a ƙirjin uwarsa tana riƙe masa kai, ko da uwar ba ta san inda take ba. Amma jikin da ya bushe haka ba ya ba da nono. Na dama ya ƙafe sarai. Na hagu ne ke ɗan tsattsafowa. Yaron ya sake ramewa, nas tana cika masa da madarar gwangwani a kofi, ta ce a ci gaba da sa shi, wataƙila ya dawo, wataƙila iyakarsa ke nan.

Ranar da aka cire robar, Inna ta naɗe tabarmarta. Ta daɗe tana gyara ƙullin kayanta kafin ta yi magana.

"Gwaggonki ta aiko Lauwali. Ta ce in an sallame ki a dawo a cika. Ta ce ta yahe miki maganar zaure."

"Ba zan koma ba, Inna."

"Ba a barin wanka tsakiya, Mardiyya. Za ki kumbura. Ko ba bana ba, sanyin yana nan yana jiranki. Ni na ga waɗanda sunka bari."

"Na ji."

"Allurar ki yi abinki, ni zan tsaya miki. Ɗaki zan ruhe."

"Kin tsaya min, Inna, na gani. Amma ba zan sake tsugunawa gaban duron nan ba. Gummi za ni."

Inna ta ƙara ɗaure ƙullin kayanta. Ta san abin da ke jiran ta a Zugu: ita ce uwar da ta fitar da maijego kan babur da rana tsaka, ta dawo hannu biyu. Da Gwaggo za ta zauna, ita za ta ji abin da za a faɗa a rijiya da gidan suna, shekara da shekaru.

"To ni mi zan ce musu?"

"Ki ce musu yana raye."

Inna ta ɗora kayanta a ka. Ta tsaya kan yaron kamar za ta taɓa shi, ta fasa. Ba ta ce Allah ya ƙara sauƙi ba, Mardiyya ma ba ta ce a sauka lafiya ba. Abdulwahabu ya raka ta tasha.

Sa'idu ya farka da kuka. Mardiyya ta sa shi a na hagu, ya ja, ya ja, ya saki, ya ƙara tsalawa, bai ƙoshi ba. Matar gadon kusa ta ce baiwar Allah ki ba shi kofin mana, ki huta. Mardiyya ta ce za ta ba shi, ba yanzu ba. Ta juya shi ta ɗora a na dama, busasshen, ta riƙe kansa a wurin.